Sifanar da ta kai ni Sendai

Shekara tara na yi ina aikin jinya a ɗakin karɓar masu haɗari kafin in yi tafiyar nan. Abin da ya tashe ni kuwa wani dare ne da aka sauke mana mutum goma sha huɗu a lokaci guda, motar haya ta yi taho-mu-gama da babbar mota. Iskar oksijin muna da ita, ga silinda biyu cike a jingine a lungu. Sifanar da ake buɗe su ce babu. Abokin aikinmu da ya yi aikin rana ya zura ta a aljihun rigarsa ya wuce gida, ko tunawa bai yi ba. Kusan minti ashirin ana zazzage durowa ana ɗaga katifu, har sai da wani direba cikin waɗanda suka kawo mutanen ya ɗauko tasa daga mota. A cikin mintunan nan wani saurayi ya cika a hannuna. Kwana idan ya ƙare ya ƙare, na sani, amma na yi makonni ina rufe ido ina ganin bakin silindar nan.

Washegari aka kira taro, aka nemo mai laifi, aka miƙa masa takardar gargaɗi, aka shafa fatiha aka tashi. Ni kuma na yanke a raina cewa matsalarmu ita ce ba mu iya bala'i ba, don haka sai in je inda suka iya in koyo. Abin da nake hangowa a lokacin shi ne jirage masu saukar ungulu, riguna masu ƙyalli da rediyon oba-oba. Na shekara biyu ina cike takardun neman tallafin karatu, aka ƙi ni sau uku, a na huɗu aka ba ni gurbin digiri na biyu a fannin kula da bala'o'i a birnin Sendai da ke arewa maso gabashin Japan.

A watan Oktoba na 2018 na sauka a filin jirgin Narita. Daga tashar Tokyo na shiga jirgin ƙasa mai gudun tsiya da suke kira Shinkansen, wanda ke kaiwa kilomita 320 a sa'a guda, ya kai mutum Sendai cikin kimanin sa'a ɗaya da rabi. Kafin mu tashi na tsaya ina kallon wani ma'aikacin tasha sanye da farar safar hannu. Sai ya miƙa yatsa ya nuna agogo, ya yi magana da ƙarfi. Ya juya ya nuna ƙofa, ya sake magana. Ya nuna layin dogo har inda ido ya ƙare, ya kuma yin magana. Babu wanda yake yi wa. Na waiga in ga ko wani zai yi dariya, kowa na harkar gabansa. A raina na ce ikon Allah, har a nan ma akwai masu motsi, kuma an ba su aiki.

Sai daga baya na ji sunan abin, shisa kanko, wato nunawa da faɗa. Ido kaɗai yakan wuce abu bai gan shi ba, musamman abin da ya saba gani sau dubu. In hannu ya nuna, baki ya faɗa, kunne ya ji, da wuya hankali ya kasance a wani wuri. A aji kuma aka gaya mana cewa ranar 11 ga Maris 2011, lokacin da girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta afka wa yankin, jirage 27 ne ke gudu ɗauke da fasinja a kan wannan layin da na biyo. Na'urorin da aka kafa a bakin teku suka ji motsin farko suka yanke wuta, jiragen suka taka birki da kansu. Ba a rasa fasinja ko ɗaya ba.

Girgizata ta farko ta zo mini da tsakar dare, ban fi wata guda da zuwa ba. Tagogi suka ɗauki kaɗawa, gadon ya yi kamar ana jan sa. Na diro ba takalmi na yi waje ina salati, na tsaya a tsakar titi cikin sanyi ni kaɗai. Ko fitila ɗaya ba a kunna ba a duk layin. Da safe maƙwabcina, wani ɗalibi ɗan Indonesiya, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce abin da na yi shi ne abu na farko da ake hana yaran firamare: gudu waje lokacin da gilasai da allunan talla ke faɗowa. Ya nuna mini ƙarƙashin teburi, ya kuma sa na ajiye takalmi da tocila a gefen gado. Ni da na zo in zama gwani, ga ni ana koya mini shiga ƙarƙashin teburi.

Malaminmu na zangon farko dattijo ne maras son hayaniya. A darasinsa na farko ya ce mu cire kalmar tsautsayi daga bakinmu na tsawon shekara biyu, in mun gama sai mu mayar. Girgizar ƙasa, in ji shi, motsi ce kawai. Sai ta tarar da gini maras ƙwari, ko tsoho da ba ya iya gudu, ko asibitin da janaretansa ke ƙarƙashin ƙasa, sannan take zama bala'i. Nan take karin maganar nan ta faɗo mini, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na fassara masa bayan an tashi, ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta. Karatun kansa ya kasu ne tsakanin rage haɗari, shiri, kai ɗauki da farfaɗowa, kuma kai ɗaukin da na zo dominsa shi ne ya fi ƙanƙanta a manhaja. Mun ɓata makonni a kan yarjejeniyar da ƙasashe 187 suka amince da ita a wannan birni a watan Maris na 2015, wadda za ta ci har 2030, mai manufofi bakwai, ciki har da rage lalacewar asibitoci da makarantu. Gaskiya karatun takardar nan ya gundure ni. Fita fili ce ta sa na gane abin da take nufi.

Arahama unguwa ce a bakin tekun Sendai. Yau babu ita. Lokacin da na je, fili ne fetal, sai harsasan gidaje da ciyawa, sai makarantar firamare mai hawa huɗu da aka bari a tsaye don mutane su je su gani. Tsakaninta da teku kimanin mita 700 ne. Ruwan tsunami, wato ambaliyar tekun da girgizar 2011 ta tayar, ya kai hawa na biyu, har yanzu ga layin da ya bari a bango, ga ƙarfen baranda a lanƙwashe kamar an murɗe shi da hannu. An ajiye agogon ɗakin wasanni da ya tsaya a ƙarfe 3:55, sa'a ɗaya da 'yan mintuna bayan girgizar. Mutum 320, ɗalibai da malamai da maƙwabta, suka hau sama suka tsira, aka gama kwashe su bayan sa'o'i 27. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani ɗan bayani da jagoranmu ya yi a kan matakala. Da can ɗakin wasannin nan na ƙasa shi ne wurin fakewa, can kuma ake ajiye barguna. Bayan gargaɗin tsunami da aka yi musu a 2010 sakamakon girgizar ƙasar Chile, sai hukumar makarantar ta sake tunani, ta mai da wurin fakewa sama, aka kwashe bargunan aka hau da su. Wani ne ya ɗauki kwalaye ya hau bene a ranar da babu abin da ke faruwa, ƙila ma yana gunaguni. Bargunan nan suka rufe yara a daren da dusar ƙanƙara ke zuba.

Asibitin Red Cross na Ishinomaki, arewa da Sendai, shi ne ya sauya mini alƙibla. A 2006 aka tashe shi daga tsohon wurinsa aka gina sabo nesa da teku, a kan wasu faifan roba da ƙarfe da ke shanye girgiza, yadda ƙasa za ta yi ta motsi ginin yana lilo a hankali. Lokacin da ruwa ya cinye garin, shi ne babban asibitin da ya rage yana aiki a yankin. Cikin kimanin sa'a guda da girgizar sun gama shimfiɗa wuraren tantance majinyata: ja ga wanda zai mutu in ba a taɓa shi yanzu ba, rawaya ga mai iya jira kaɗan, kore ga mai tafiya da ƙafarsa, baƙi ga wanda ya riga mu. Sirrin saurin nan bai wuce wani gyara da Dakta Tadashi Ishii ya jagoranta kafin bala'in ba. Littafin shirinsu na da cewa yake sashe kaza zai yi kaza. Sai aka sake shi, aka rubuta sunan mutum a gaban kowane aiki, aka yi ta atisaye a kai. Duk wanda ya yi aiki a asibiti ya san bambancin. Aikin da aka ce na sashe ne, na kowa ne, kuma jakin jama'a da yunwa yake kwana.

Sun yi shirin karɓar masu karaya da waɗanda gini ya danne. Ranar farko majinyatan da suka iso ba su kai ɗari ba, domin hanyoyi sun nutse, motocin ɗaukar marasa lafiya da yawa ruwa ya tafi da su. Rana ta uku sun haura dubu. Mafi yawansu kuma ba rauni ne ya kawo su ba. Sanyi ne ya shige su, ko sun shaƙi ruwan laka, ko kuwa tsofaffi ne da maganin hawan jini da na ciwon suga ya bi ruwa, da masu wankin ƙoda da asibitocinsu suka rufe. Japanawa suna da lissafi na daban ga irin waɗannan mutane, waɗanda suka tsira daga bala'in amma abin da ya biyo baya ya kashe su. Girgizar Kumamoto ta 2016 mutum 50 ta kashe kai tsaye. Waɗanda suka rasu daga baya, saboda kwana a mota har jini ya daskare a ƙafa, ko ciwon huhu a sansani, ko katsewar magani, sun haura 200. Da na ga alƙaluman nan sai na gane cewa yawancin abin da ke kashe mutane bayan bala'i aikina ne na kullum: magani a kan lokaci, fayil da ake iya samu, wanke hannu, juya tsoho a kan gado.

Kobe na je a hutun bazara. Girgizar 17 ga Janairu 1995 ta same su da ƙarfe 5:46 na asuba, ta kashe mutum 6,434, akasari gidaje ne suka rufta musu. A bakin tashar jiragen ruwa an bar wani yanki yadda girgizar ta bar shi, fitilun titi a karkace cikin ruwa. A gidan tarihin da suka buɗe a 2002 na ji cewa mafi yawan waɗanda aka zaƙulo da rai maƙwabtansu ne suka tono su, ba jami'ai ba. Likitocinsu kuma suka zauna suka ƙirga waɗanda da an yi musu abin da ya dace da sun rayu, suka samu kusan 500, suka faɗa a fili. Daga nan aka kafa asibitocin da aka keɓe don bala'i, a 2005 kuma aka kafa rundunar likitocin gaggawa ta DMAT. Wannan hali na ƙirga gawar da kai ka jawo, ka rubuta, ka buga, shi ne abin da na fi yi musu hassada a kai.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna na je. A kwashe majinyata daga kewayen tashar nukiliya ta Fukushima da bala'in 2011 ya lalata, tsofaffi gommai sun mutu a motoci da ɗakunan taro saboda shirin kwashewar bai tanadi wanda ba ya iya tashi daga gado ba. Ma'aikatansu na aiki har su fita hayyacinsu, takardu sun yi musu katutu, ƙaramin ma'aikaci kuma yana jin nauyin gyara wa babba kamar yadda muke ji, wani lokaci ma fiye.

A shekara ta biyu aka tura ni wani asibiti na wata uku don nazarin shirinsu na ko-ta-kwana. Aka haɗa ni da babbar nas ta sashen kiyaye lafiyar majinyata, wata 'yar siririyar mata da ta kusa ritaya, kowa na ce mata Shicho-san. Na zaci ɗakin ajiyar kayan bala'i za ta fara kai ni. Sai ta zaunar da ni gaban tulin takardu, rahotannin hiyari-hatto, wato abin da ya sa gabanka ya faɗi amma Allah ya kiyaye. Nas ta ɗauko maganin wani za ta ba wani, ta farga kafin ya haɗiye. Kwalabe biyu masu kama da juna a jere a kanta ɗaya. Ɗaruruwa a wata, kuma ba a hukunta kowa a kansu. Sashen da rahotonsa ya yi ƙaranci shi take zargi. Ta ce abin ya samo asali ne daga Janairun 1999, lokacin da aka musanya majinyata biyu a asibitin jami'ar birnin Yokohama, aka yi wa mai ciwon zuciya aikin huhu, mai ciwon huhu aikin zuciya. Nas ɗaya ce ta turo su tare, an kira kowanne da sunan ɗan uwansa ya amsa. Tun daga nan ba a tambayar majinyaci ko shi ne wane. Cewa ake ya faɗi cikakken sunansa da bakinsa, a duba abin hannunsa mai ɗauke da sunansa. Na kuwa ga nas-nas suna nuna ledar ƙarin ruwa da yatsa suna karanta sunan da ƙarfi, sak mutumin tashar Tokyo.

Wata rana da yamma na ba ta labarin sifana. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Me ya sa ya sa ta a aljihu?”

Na ce, “Shicho-san, mantuwa ce.”

“A'a. Me ya sa tun farko take shiga aljihu?”

Na yi shiru, sannan na ce don in an ajiye ta a fili ɓacewa take yi.

“Me ya sa take ɓacewa?”

Don ɗakin haihuwa da ɗakin yara su ma da ita suke buɗe nasu.

“Guda nawa ce a asibitin?”

Ɗaya.

Ta ɗan sunkuyar da kai ta ce, “To mutumin nan ai shi ne mai tsaron sifanar. Shi kaɗai ya damu da ita har ya ɓoye ta. Shi kuka hukunta?”

Ban iya ba ta amsa ba. Shekara uku ke nan ina ɗauke da haushin bawan Allah nan a raina. Dabarar tambayar me ya sa sau biyar daga masana'antar Toyota ta fito, kamar yadda yawancin ilimin inganta aiki a asibitocinsu daga masana'antu ya gangaro, tun zuwan masanin inganci Edwards Deming daga Amurka a 1950 da zanen ƙashin kifi na Kaoru Ishikawa, mai bin diddigin musabbabin matsala. Daren nan na sauya taken kundin bincikena. Na bar maganar kai ɗauki, na koma kan yadda ƙananan kurakuran yau da kullum ke nuna abin da asibiti zai yi ranar da aka sauke masa mutum hamsin.

Na dawo gida a ƙarshen 2020, korona ta rufe ko'ina. Ga wanda ke tunanin bin wannan hanya, gara ya ji tun yanzu: babu wanda ke zaune yana jiran mai digirin bala'i. Na kai takarduna wurare da dama, ana duba su ana cewa sai an neme ni. Ƙofar da ta buɗe ita ce ta wani asibiti da ke neman takardar shaidar inganci, suna buƙatar wanda zai riƙe musu sashen. Ofis ne mai teburi ɗaya da kabad maras mukulli. A nan na gane cewa digirin bai ishe ni ba, sai da na zauna na koyi abin da ba a koya mini ba: rabon da masanin ingancin aikin asibiti Avedis Donabedian ya yi tun 1966 tsakanin kayan aiki, yadda ake aikin, da sakamakonsa, da yadda ake ƙirga cutar da ake ɗauka a asibiti, da yadda ake shiga ofishin babban likita da alƙaluma ba da ƙorafi ba. Shekarun da na yi a bakin gado su suka sa nas-nas ke saurarata. Da daga aji na faɗo musu, da tuni sun kora ni da ido.

Takardar dubawa kafin tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai tambayoyi 19, wadda ta fito a 2008, ita ce yaƙina na farko. Wani babban likitan tiyata ya kalle ni ta saman tabarau ya ce shekara talatin yana yanka, bai taɓa yanke ƙafar da ba ita ba. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba don kai aka yi ta ba, don ranar da ba ka nan ne.” Ya yi tsaki, amma ya bar mu muka karanta. Wata takwas aka yi ana cike ta bayan an gama aiki, a jera alamu reras don a rabu da ni, kafin a fara karanta ta da baki kafin a sa wuƙa.

Akwatin rahoton kuskure da na kafa kuwa wata huɗu ya yi babu ko ƙyalle. Kowa na ganin tarko ne. Sai na rubuta na farko da hannuna, kuskuren da na taɓa yi na lissafin allurar wani yaro, na sa sunana, na karanta a taron safe. Matron, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta kira ni gefe ta ce, “Ɗana, kai ko tsoron bakin mutane ba ka yi?” Mako biyu bayan nan na tarar da takarda a ciki da rubutun da na tabbata nata ne.

Sifana kuwa guda goma sha biyu na sa aka saya, aka ɗaure kowacce da sarƙa a wuyan keken silinda, aka rubuta sunan mai duba ta a kowane canjin aiki. Na je har gida na nemi tsohon abokin aikina na roƙi gafararsa, ya ce shi ya ma manta, amma na ga idonsa ya kawo ruwa.

A watan jiya na buɗe akwatin na ga wata 'yar takarda daga ɗakin yara, an yage ta daga littafin rubutu. “Malam, sabbin silindar da aka kawo sun fi na da tsawo, sarƙar ba ta kai bakinsu. Jiya da dare sai da muka kwantar da ita a ƙasa muka buɗe. Yaron yana lafiya.” Na ɗauki tef ɗin awo na sauka.